Hatimi Na Takwas

Ku matso kusa, masu karatu. Wanda bai san ni ba, ni ce Auta a gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, ina koyar da ƙananan yara 'yan shekara uku zuwa biyar. A wurin Umma laifina a duniya guda ɗaya ne, bakina ba ya riƙe magana. Manema biyu na rasa a kan haka. Na farko, na gaya wa yayarsa a gaban baƙi cewa ɗanta ba daƙiƙi ba ne, tabarau yake buƙata. Na biyu kuwa shi ya tambaye ni ko turarensa ya yi min, na amsa masa tsakani da Allah.

Na uku shi ne Injiniya. Matarsa ta rasu shekara guda da wata biyu da suka wuce, Allah ya ji ƙanta, ta bar masa yara biyu: Gimbiya mai shekara shida, da ƙanenta mai shekara uku da suke kira Janar saboda ba da umarni. Ba zan ɓoye muku ba, wannan karon ina so. Mutum ne da zai saurare ka har ka kai aya, ko da shirme kake faɗa.

Hajiyarsa ce ta kawo shawarar mu kai yaran babban wurin wasan yara na garinmu ranar Asabar, wai a ga yadda jininmu zai haɗu. Kowa ya san jarrabawa ce, sunanta kawai aka canza.

Tun da safe Umma ta sa na canza kaya sau uku. A ƙarshe muka daidaita a kan doguwar riga ruwan toka mai ɗinkin fulawa a wuya, da farin mayafi. Ta so in sa takalmi mai tsini, na ce wanda zai bi ɗan shekara uku da gudu ba ya sa tsini. Na cika jakata irin cikar ranar aiki: ruwa, biskit, tishu, filasta, fensir masu launi. Ina ɗaura igiyar takalmi wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga Hajiya.

"'Yata, akwai abin da nake so ki sani. Yaran ba su san uwarsu ta rasu ba. Mun ce musu ta yi tafiya wata ƙasa mai nisa. Sai sun ƙara wayo za a faɗa. Kada ki kuskura wannan maganar ta fito ta bakinki."

Sau biyu na karanta, sannan na miƙa wa Umma. Ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau.

"To, kin dai gani."

"Umma, shekara guda fa yarinya tana jiran…"

"Ba ruwanki. Ke kika haife su? Auta, ki dube ni da kyau. Yau ɗaya dai ki ɗinke bakin nan. In kika kori wannan ma, ban san da wace fuskar zan kalli 'yan'uwan babanki ba."

Na ce to.

A mota Janar ya karɓe ni kamar ya shekara da sanina. Ya bincike jakata, ya cinye rabin biskit, ya ce daga yau sunana Anti Biskit. Gimbiya kuwa ta gaishe ni da ladabi, ta ɗora hannaye a kan gwiwa, farin takalminta ko ɗigon datti babu. Ni da nake wuni da yara na san mai ihu ba abin tsoro ba ne, mai irin wannan natsuwar ita ke tayar min da hankali. Da motar ta faɗa wani rami ruwa ya ɗan zuba a rigarta, sai ta hau gogewa da sauri.

"Anti, kar ki gaya wa Kaka," ta ce a hankali.

"Ruwa ne fa, yanzu zai bushe."

"Ni dai kar ki faɗa."

Sashen lilo da jirgin ƙasa na yara bai ba ni wahala ba, wurin da kansa yake yi maka renon. Matsalar ta fara ne da muka iso ɓangaren al'adu, inda aka gina gidaje takwas irin na mutanen sassan duniya, kowanne da kayansa da mai tsaronsa. A daidai ƙofar aka kira Injiniya daga wurin aiki, wai wani injin ya tsaya. Ya rufe bakin wayar da hannu.

"Ki yi haƙuri, minti ashirin kawai. Ku shiga, zan same ku."

Ya koma kan wani benci a inuwa. Janar ya leƙa ciki, ya ga babu abin da ke juyawa ko ƙara, sai ya kwanta a ƙasa ya ce ƙafarsa ta mutu. Mutane suka fara kallonmu. Na san da Hajiya za ta ga wannan hoton, an gama da ni.

Wata mata a bakin ƙofar ke raba wa yara ɗan littafi mai gurbi takwas. Kowane gida ka shiga a buga maka hatimi, in ya cika a ba ka lambar yabo ta roba. Ina ganinsa malamar da ke jikina ta tashi. A aji, in yara sun gaji, tafiya nake ƙirƙira musu, kujeru su zama mota, tabarma ta zama kogi. Na durƙusa a gabansu, na rage murya kamar mai faɗar sirri.

"Kun san mene ne wannan? Fasfo ne. Yau za mu zagaye duniya. Kowane gida da kuke gani ƙasa ce, kuma duk ƙasashen duniya suna cikin nan."

Janar ya miƙe, ƙafa ta warke. Gimbiya ta ɗago ta kalle ni sosai, karo na farko tun safe.

"Duka?"

"Duka."

"Har masu nisa?"

"Har masu nisan ma."

Masu karatu, ku zage ni, na cancanta. Saƙon Hajiya yana cikin jakata, amma a lokacin ba abin da nake ji sai daɗin dabarata ta ci. Har ɗaga kai na yi in ga ko Injiniya ya ga yadda na tayar da Janar.

Gida na farko tanti ne babba, da darduma da butocin ƙarfe. Janar ya hau kan wani sirdi yana ba doki umarni. Gimbiya kuwa ta zagaye tantin, ta ɗaga kowane labule ta leƙa, sannan ta miƙa littafinta aka buga. Na ce a raina, ka ga yarinya mai son sani.

Na biyu gidan masunta ne da aka kafa a kan ruwa, ana hawa ta wata gadar katako. Ina riƙe da rigar Janar kada ya bi kifi, sai na ji muryar Gimbiya a bayana tana magana da matar da ke buga hatimi.

"Don Allah, kin ga wata mata doguwa, tana da wushirya, tana sa tabarau? Ta daɗe da zuwa."

Matar ta yi murmushi. "Mamanki ce? Ba ga ta can ba?" Ta nuna ni.

"A'a, waccan Anti ce. Mamana tafiya ta yi. Ba ta wannan ƙasar ko?"

Na kalli littafin da ke hannunta. Biyu sun cika, saura shida. Ni da bakina na ce mata duniyar nan gida takwas ce, kuma ta yarda.

Na ciro waya na rubuta wa Injiniya: "Ka zo yanzu, don Allah." Saƙon ya tafi, ba a buɗe ba. Daga inda nake ina hango shi yana kai-komo, waya a kunne, yana zana wani abu a iska da hannu.

Daga nan duk dabarar da na sani ta riƙe yara na juya ta, ta koma ta jan lokaci. A gida na uku masaƙa ne, ana ba yara zare su gwada. Na ce ba mai fita sai ya saƙa abin hannu mai launi uku. Janar ya naɗe kansa da zaren har sai da aka kawo almakashi. Gimbiya ta saƙa nata tsaf cikin minti biyar, ta tsaya a bakin ƙofa da littafi a ƙirji. A na huɗu ganguna ne jere, na ce kowa ya buga sunansa da ganga, sannan sunan babansa, sannan nawa. Ta buga duka ba kuskure, ta je ta tambayi mai gangar tambayarta. Ya girgiza kai, ya buga mata hatimi.

Na ja ta gefe.

"Gimbiya, kin san wasa muke yi ko? Ba ƙasashen gaske ba ne."

"Kin ce duka suna nan."

"Na ce, amma…"

"Baba ya ce ke malama ce. Malamai ba sa ƙarya."

Me zan ce? In na ce ƙarya na yi, tambayar da za ta biyo baya ita ce to ina ƙasar gasken take, kuma amsar wannan an hana ni. Na hau gyara mata wuyan riga, ta ɗauki hakan a matsayin e.

Wayata ta yi ƙara, na zaro da sauri ina zaton shi ne. Umma ce: "Ya ake ciki? Bakin dai, Auta." Ban gama karantawa ba na Hajiya ya shigo: "Ki turo mana hoto mu ga fara'arsu." Na ɗauki Janar da zare a ka na tura.

Kafin gida na biyar akwai mai sayar da askirim. Na ce mu huta, mu zauna, mu sha a hankali, ai duniya ba za ta gudu ba. Janar ya shafe fuska da nasa, ya miƙa hannu zai goga a mayafina. Gimbiya ta cafke hannun.

"Janar ka bari. Ka manta abin da Kaka ta ce?"

"Me Kaka ta ce?" na tambaya.

Ta kalli takalminta. "In muna ƙiriniya Mama za ta ƙara daɗewa. Ni ce na fara. Ranar da za ta tafi na fasa kofinta mai fulawa, kuma ban faɗa ba."

Askirim ɗina ya narke ya bi yatsuna, ban iya ko gogewa ba. Sai ta zura hannu a aljihun rigarta ta ciro tishu a nannaɗe, ta buɗe min kaɗan. Ɗan haƙorinta ne na gaba.

"Tun watan jiya ya fita. Ban yi kuka ba. Zan nuna mata."

Na juya fuska kamar ina neman wani abu a jaka. Na ji haushin Hajiya, na ji haushin Injiniya, amma tsoro ya fi su duka ƙarfi, don saura gida huɗu kuma ni kaɗai ce babba a wurin.

Na biyar na masu fitilun takarda ne, na shida na magina tukwane. Na sa su yi fenti, na sa su ƙirga fitilu ja, na sa su cuɗa yumɓu, har na ce mu jira tukunyar Janar ta bushe. Mai tukwanen ya yi dariya ya ce sai dai mu kwana biyu. A kowanne Gimbiya ta leƙa bayan ƙofa, ta yi tambayarta da ladabi, ta yi godiya. Abin da na lura shi ne muryarta na ƙara yin ƙasa. A na bakwai, wani gida mai sanyi da aka yi kamar na ƙanƙara, ba ta ma tambaya ba. Ta dai duba fuskokin matan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa littafi.

Na sake rubuta wa Injiniya: "Tana neman mamanta. Ka zo." Shi ma ba a buɗe ba.

Na takwas yana kan ɗan tudu, gidan dutse irin na makiyaya, da matakala shida da ƙofar katako a rufe. Ana shiga rukuni-rukuni, don haka sai wasu sun fito ake buɗewa. Ina hawa ina addu'a a zuci, ban ma san me nake roƙo ba. A mataki na uku hannun Gimbiya ya tsaya a cikin nawa.

"Anti, kar mu shiga."

"Kin gaji?"

Ta zauna a kan matakalar, ta buɗe littafin a cinya, ta ɗora yatsa a kan gurbin da ya rage.

"Tana cikin wannan. Tunda ba ta sauran, to tana nan." Ta dubi rigarta. "Amma yau na zubar da ruwa a rigata. Mu bari sai wata rana, in na ƙara zama mai kirki. In aka buga wannan ƙasashen sun ƙare."

Zan faɗa muku abin kunyar da na ji: sauƙi. Na ce a raina Allah na gode, yarinya ta fitar da ni da kanta. Za mu koma gida, Hajiya ta ga hoto, Umma ta yi barci, ni kuma bakina a ɗinke. Na zauna kusa da ita ina kallon gurbin nan fari, ina tunanin haka zan shiga gidansu, kullum da safe in taje mata kai ina taya su riƙe wannan ƙofar a rufe.

"Ga matafiya nan!"

Injiniya ne ya hauro da sauri, yana sa waya a aljihu, fuskarsa cike da fara'ar wanda ya gama da matsala. Bai duba saƙonnin ba. Janar ya ruga ya nuna masa littafinsa.

"Kai, bakwai? Saura ɗaya ku karɓi lamba kuka zauna? Kawo naki, Gimbiya."

Ya zare littafin daga cinyarta. Ita ba ta saba hana babba abu ba, ta sake shi. Na miƙe, na ce, "Tsaya, don Allah," amma daidai lokacin ƙofar ta buɗe, mutane suka fito da hayaniya, ya kutsa tsakaninsu. Ƙofar ta tsaya a wangale. Daga matakalar ana ganin cikin gaba ɗaya, ɗaki ne guda: shimfiɗar ulu, sanduna a jingine, da wani dattijo a kan kujera da hatimi a hannu. Ko labulen da za a ɗaga babu.

Na ji ƙarar hatimin sau biyu.

Ya dawo da lambobi biyu masu igiya, ya rataya wa kowa tasa.

"Shi ke nan, kun gama duniya kaf. Babu ƙasar da ta rage muku."

Gimbiya ba ta kalli lambar ba. Ta daɗe tana kallon cikin ɗakin, sannan ta juyo. Ba babanta ta kalla ba, ni ta kalla.

"Anti, to ina take?"

Fara'ar Injiniya ta ɗauke. Ya dube ni, ya ciro wayarsa, ya karanta saƙonnina.

"Gimbiya, ai na gaya miki, Mama ta yi…"

"Kada ka ƙara," na ce. "Yarinyar nan shekara guda tana zaton kofin da ta fasa ne ya kori uwarta. Haƙorinta yana aljihunta tana jira ta nuna mata. Ka durƙusa ka faɗa mata, ko ka ba ni izini in faɗa. In kuma ka ce a ci gaba a haka, ka mayar da ni gida, ba zan iya ba."

Na san abin da na jefar a wannan minti. Na ga fuskar Umma, na ga ta 'yan'uwan babana. Injiniya ya durƙusa a kan matakalar. Idonsa ya cika. Ya kalle ni ya gyaɗa kai.

Na zauna na kama hannayenta biyu, suna da sanyi.

"Gimbiya, na yi miki ƙarya ɗazu, ki yafe min. Waɗannan gidajen wasa ne. Mamanki kuma ba ta kowace ƙasa. Ta yi rashin lafiya mai tsanani, Allah ya karɓi ranta. Ta rasu. Ba za ta dawo ba, amma ba ta tafi don tana fushi da ke ba."

Na jira ihu, bai zo ba. Janar yana can yana buga lambarsa a jikin dutse. Ita kuwa ta kalli babanta, ya ce, "Gaskiya ne, 'yata," da muryar da ban taɓa jin sa da ita ba. Ta sunkuyar da kai tana kallon inda ruwan safe ya zuba a rigarta, wurin da ya bushe tuntuni.

"Kenan ba don ni ba ne?"

"Ba don ke ba ne. Ko kofi ɗari kika fasa, ba don ke ba ne."

Sai a lokacin kukan ya zo. Ta faɗa jikina da ƙarfi, ta cusa fuska a farin mayafina, tana shure-shure da takalman nan masu tsabta a cikin ƙasa, kuka irin na 'yar shekara shida wadda ba ta tsoron a kai ƙararta. Na riƙe ta, babanta ya dafa bayanta, mutane suna ratsa mu suna hawa.

Wayarsa ta fara ƙara a kan matakalar inda ya ajiye ta. Hoton Hajiya ne ya cika fuskar wayar, kiran bidiyo, tana son ganin fara'arsu da idonta. Kafin ɗayanmu ya motsa, Janar ya riga ya ɗauka ya danna.

"Kaka," ya ce, yana juya mata wayar ta gan mu sosai, "Anti Biskit ta ce Mama ta rasu."